'Yar kyanwar da aka ba ni kyauta, da abin da ta ci a shekararta ta farko

Ranar da aka miƙo mini ita cikin kwali, da tsohon tawul a shimfiɗe, ban biya ko sisi ba. Wanda ya ba ni ma shi ke yi mini godiya, don kyanwarsa ta haifi biyar ya rasa yadda zai yi da su. Ya ce satinta takwas, tana cin komai, lafiyarta ƙalau. Ni kuma na ga tsuntsu daga sama gasasshe, sai ban tambaye shi komai ba. Ban tambayi ranar da aka haife ta ba, ban tambayi ko an taɓa ba uwar maganin tsutsa ko an yi mata rigakafi ba, ban ma nemi in ga uwar da sauran 'ya'yan da idona ba. Waɗannan tambayoyi uku da na bari su ne na yi ta biya wata da watanni. Tun zuwana asibitin dabbobi na farko nake tara kowane rasit a ambulan guda, kuma shi na baza a gabana nake wannan rubutu. Farashi ya bambanta daga wuri zuwa wuri, saboda haka zan auna komai da ma'auni ɗaya: kuɗin abincin kyanwar na wata guda.

Daren farko babu abin da na tanada. Na zuba mata madarar shanu a murfi, ta lashe tas, na ji daɗi. Kafin gari ya waye ta ɓata tawul ɗin da zawo har sau uku. Cikin kyanwa ba ya narkar da sukarin da ke cikin madarar shanu yadda ya kamata, kuma zawo ga halittar da ba ta kai kilo guda ba yana iya ƙarar da ruwan jikinta cikin yini ɗaya. Da safe na fita sayayyar da ya kamata in yi tun kafin ta zo: abincin gwangwani na ƙananan kyanwoyi, kwano biyu marasa zurfi na ci da sha, faranti mai gajeren baki na bahaya da za ta iya hawa, buhun yashinsa, ɗan cokali mai huji na kwashe kashi, matsefi mai ƙananan haƙora, da akwatin roba mai ƙofa na ɗaukar ta zuwa asibiti. Akwatin nan na so in tsallake shi don tsada, mai sayarwa ya ce in gwada riƙe kyanwa a hannu kusa da kare mai haushi in gani. Na saya. Kayan ranar kaɗai sun ci kuɗin abincin wata uku, kuma a lokacin ina ganin shi ke nan na gama.

Kwana biyu da zuwanta na kai ta asibiti, ni a nufina a yi mata allura guda mu dawo. A teburin karɓa aka buɗe mata kati: sunanta, jinsinta, launinta, shekarunta, inda na samo ta, sunana da lambar wayata. Aka karɓi kuɗin buɗe kati daban, kuɗin ganin likita daban. Na zauna fiye da awa guda a ɗakin jira, karnuka biyu a gefe, ita kuma ta maƙale a lungun akwati tana rawar jiki, har wata ma'aikaciya ta ce in lulluɓe akwatin da tawul in ɗora shi kan kujera, kar in ajiye a ƙasa, don kyanwar da ba a yi wa rigakafi ba bai kamata ta kusanci daɓen da marasa lafiya ke takawa ba. Da aka kira mu, abu na farko da likita ya yi shi ne ɗora ta kan sikeli. Giram 520. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya dubi idonta da har lokacin shuɗi ne, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, wa ya ce maka satinta takwas?" Na ce, "Likita, wanda ya ba ni ne." Ya ce da ƙyar in ta wuce biyar. Ana haifar 'yar kyanwa da nauyin giram 100 ko kusa da haka, tana ƙara kamar giram 100 kowane mako, mai sati takwas kuwa tana kusantar kilo guda. Ma'ana an raba ta da uwarta ana tsakiyar yaye, saura aƙalla sati uku.

Daga nan ya bi ta gaba da baya. Ya ɗaga leɓenta ya nuna mini dasashi, ya yi fari-fari maimakon ja mai haske. Ya shimfiɗa farar takarda, ya taje bayanta da matsefi, wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin gawayi suka zubo, ya ɗiga musu ruwa sai ga takarda ta yi ja. Wannan kashin ƙuma ne, jinin da suka sha ne suka fitar. Ƙuma da yawa a jikin ƙaramar kyanwa suna iya zuƙe jininta har ta mutu. Cikinta kuma ya yi tulu ga haƙarƙari a waje, alamar tsutsa, wadda 'ya'yan kan samu ta nonon uwa in ba a ba uwar magani ba. Aka ɗebi kashinta aka duba a madubin likita, na ƙara jiran rabin awa, aka tabbatar da ƙwayayen tsutsar. Zafin jikinta ya nuna 38.6, daidai ne, don na kyanwa yana tsakanin 38 da 39 da ɗoriya. Sai na tambayi allurar da na zo dominta, ya ce babu allura yau. Ba a yi wa kyanwa rigakafi tana zawo ga ƙarancin jini, kuma ko lafiyarta ƙalau ba a fara yi sai ta kai sati shida zuwa takwas. Na fito da maganin tsutsa da aka auna da sirinji daidai nauyinta, da garin madarar da aka haɗa musamman don 'ya'yan kyanwa, da maganin ɗigawa a ido don kwantsar da ke manne mata fatar ido, an kuma fesa mata maganin ƙuma irin wanda ƙanana ke iya ɗauka. Rasit ɗin ranar ya kai kuɗin abincin wata huɗu. Abin da na je yi kuwa ko farawa ba a yi ba.

Akwai gargaɗi biyu da likitan ya sa na maimaita masa kafin in fita, kuma da a ce ban ji su ba da na kashe ta da hannuna. Na farko, kar in taɓa sa mata maganin ƙuma na kare. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ake rubutawa permethrin a jikin kwali, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, sai ta kama karkarwa da farfaɗiya. Ko karen gida aka ɗiga wa, kyanwa ta goga jikinta da nasa kafin ya bushe, ya isa. Na biyu, farasitamol. Mutum ya ga kyanwarsa ba ta jin daɗi ya ɓallo mata rabin ƙwaya don tausayi, alhali ƙwaya guda tana iya kashe babbar kyanwa, don tana lalata jini da hanta. Ya ƙara da albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, waɗanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini, wanda ke nufin ragowar abincin mutane ba abin dogaro ba ne. Abincin kare ma ba ya riƙe kyanwa, don tana buƙatar wani sinadari da ake kira taurine wanda jikinta ba ya haɗa isasshe, rashinsa kuma yana kawo makanta da ciwon zuciya.

Sati ukun da suka biyo baya kuɗi kaɗan suka ci, amma sun ci barci. Ina dama garin madara da ruwan ɗumi in kwaɓa da abincin gwangwani ya yi ruwa-ruwa, in ba ta sau biyar a rana, na ƙarshe da tsakar dare, don ƙaramar kyanwa in ta daɗe ba ci sukarin jininta ya faɗi sai ta langaɓe. In za a ba ta da kwalba, a kan cikinta take kwanciya, ba a rungume ta rigingine kamar jariri ba, don madara na iya bi ta huhu. Kowace safiya ina ɗora ta kan ƙaramin sikeli in rubuta: ƙarin giram 10 zuwa 15 a rana shi ake so, in ta yi kwana biyu ba ƙari a kira likita. Ƙumar kuma ta koya mini cewa wadda ake gani a jikin dabba ita ce kaɗan. Macen ƙuma tana iya zuba ƙwai arba'in ko hamsin a rana, suna gangarowa cikin shimfiɗa da ƙasan kujera da tsagar daɓe, su ƙyanƙyashe a can, wasu daga cikin 'ya'yan kuma su yi watanni a kwance kafin su fito a matsayin ƙuma. Na wanke duk abin da ta kwanta a kai da ruwan zafi, na share ƙasan kujeru kullum, kuma sai da aka yi wata uku ana maimaita magani kafin na daina ganin cizo a idon sawuna. Maganin tsutsa an maimaita shi duk sati biyu, daga baya duk wata har ta kai wata shida, kowane karo sai an sake awo don nauyinta na canzawa. Daga baya sai ga wasu farare kamar ƙwayar hatsi suna motsi a gindin wutsiyarta. Wata tsutsar ce daban, mai faɗi, wadda kyanwa ke samu in ta haɗiye ƙuma wajen lasar jiki, kuma maganin farko ba ya taɓa ta. Wani rasit ɗin.

Tana da sati tara, nauyinta ya kai giram 980, aka yi mata allurar farko. A nan ne na gane ashe ba allura ɗaya ba ce. Haɗin farko yana kare ta daga cututtuka uku: biyu na mura da ke kama hanci da ido da baki, da kuma ta ukun mai tsanani wadda ke kawo amai da zawo ta kuma rushe fararen ƙwayoyin jini, tana kashe ƙanana cikin kwanaki kaɗan, ƙwayarta kuma na iya zama a ɗaki har shekara. Ana maimaita allurar duk sati uku ko huɗu har kyanwa ta kai sati goma sha shida. Na tambayi dalili, don a raina na zargi neman kuɗi ne. Bayanin shi ne garkuwar da 'yar ta sha a nonon uwa tana kashe ƙarfin allurar, kuma ba wanda ya san takamaimai makon da wannan garkuwa za ta gushe a jikin kowace 'ya. Shi ya sa ake bi a jere, don a tabbata aƙalla ɗaya ta faɗo bayan gushewarta. Wanda ya yi ta farko ya tsaya, zai iya zama bai yi komai ba. A ranar aka ba ni ɗan littafin rigakafi, aka liƙa tambarin kwalbar allurar da kwanan wata da sa hannun likita. A adana shi kamar takardar haihuwa, don duk inda za a bar kyanwa ajiya ko a tsallaka iyaka da ita shi za a fara nema. Bayan allurar ta yini tana barci, ba ta ci sosai ba, washegari ta warware. An ce in na ga fuskarta ta kumbura ko numfashinta ya sauya in dawo nan take.

A ziyara ta biyu, tana da sati goma sha biyu, aka haɗa da allurar cutar haukan kare. Sunan ya sa mutane da yawa suna zaton ba ruwan kyanwa, alhali tana kamuwa kuma tana sa wa mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi ta cizon kare, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan ba a tsira. Duk wanda dabbar da ba a san tarihinta ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 sannan ya nufi asibiti, kar ya jira. A ranar kuma aka ɗebi ɗigon jininta don gwajin wasu cututtuka biyu da ke raunana garkuwar kyanwa, waɗanda 'ya ke iya ɗaukowa daga uwa. Minti goma na jiran sakamakon sun fi awa gudan ranar farko tsawo a wurina. Ya fito babu komai. Ziyara ta uku a sati goma sha shida ba ta ɗauki lokaci ba, kuma a ita aka sa mata 'yar na'urar shaida, ƙanƙanuwa, da ake turawa da allura ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu. Tana ɗauke da jerin lambobi guda 15 da ake karantawa da wata na'ura, amma ba ta nuna inda dabba take, kuma ba ta da amfani in ba a yi rajistar lambar da sunan mai ita da wayarsa ba. A wasu ƙasashe doka ce. A Ingila, alal misali, tun 10 ga Yuni 2024 wajibi ne a sa wa kyanwa kafin ta wuce sati ashirin. Ziyarorin nan uku da gwaji da na'ura sun tashi kuɗin abincin wata shida.

Ana cikin wannan jere ne wani abu ya ɓullo da ba ya cikin lissafin kowa. Gashin bayan kunnenta ya zube, wurin ya yi zagaye kamar kwabo yana ɓarewa. Bayan kwana goma ga irinsa a damtsena, ja, yana ƙaiƙayi. Makero ne, irin funfunar da ke cin gashi da fata, kuma yana tsallakawa daga dabba zuwa mutum, musamman yara. Likita ya kashe fitilar ɗaki ya haska mata wata fitila ta musamman, gashin wurin ya yi kore shar. Maganinsa na sha ne, mako guda ana sha mako guda ana hutawa, har zagaye uku, ga wanka da ruwan magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai sau biyu a mako, ga killace ta a ɗaki guda da ake gogewa da bilic. Ni ma na je na ga nawa likitan, na sayi nawa man shafawa. Wanda ya ba ni ita da na gaya masa, sai ya ce ai uwar ma tana da irin wannan tabon, bai ɗauka wani abu ba ne. Da na je na ga uwar tun ranar farko, da na gani.

Maganar aikin hana haihuwa likita ya fara yi mini ita tun tana da wata uku, ni kuma ina ja da baya, ina ganin 'yar mitsitsiya ce. Ashe kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana da wata huɗu. Cikin yana ɗaukar kwana 63 zuwa 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo huɗu ko biyar. In ba a yi aikin ba kuma ba ta samu muzuru ba, duk sati biyu ko uku za ta dawo neman barbara, tana kuka dare da rana tana birgima tana neman hanyar fita. Yin aikin tun kafin ta fara yana rage haɗarin kansar nono sosai, yana kuma kawar da ruɓewar mahaifa. Namiji kuwa fiɗiye shi ake yi, aikin ya fi sauƙi da araha, kuma yana rage fesa fitsari a bango da yawon faɗa, wanda ta cizo ne suke ɗaukar wa juna cuta. Aka ba ni rana tana da wata biyar, nauyinta ya haura kilo biyu, aka ce kar ta ci komai daga tsakar dare, ruwa kawai. Da asuba ta dame ni da kuka, na ce ɗan kaɗan ba zai yi komai ba, na ba ta cokali biyu. A asibiti tambayar farko da aka yi mini ita ce ko ta ci wani abu. Na faɗi gaskiya, aka ce in koma gida. Dabbar da aka yi wa allurar barci da abinci a ciki tana iya yin amai ya koma huhu. Ranar da aka sake ba ni sai bayan kwana goma sha biyu, ga hutun aiki da na riga na ɗauka ya tafi a banza.

A karo na biyu na kai ta da sassafe, na sa hannu a takardar amincewa wadda ta bayyana cewa allurar barci tana da haɗarinta ko da ƙanƙane ne. An tambaye ni ko ina son a yi gwajin jini kafin aiki don duba hanta da ƙoda, kuɗinsa daban, na ce a yi. Da yamma na karɓo ta tana layi, an aske mata ciki, ga ɗinki ɗan gajere, ga wani abin roba mai kama da mazurari a wuyanta. Ta tsani abin nan, tana tafiya da baya tana karo da ƙafar tebur, har na so in cire mata. Kar a cire. Harshen kyanwa kamar zarto yake, dare guda ya isa ta warware ɗinkin. An ba ni maganin rage zafi na kwana uku wanda aka yi don kyanwa, aka ce in hana ta tsalle, in duba wurin safe da yamma ko ya kumbura ko yana fitar da ruwa. Kwana goma aka cire zaren. Aikin da gwajin jini da magani sun ci kuɗin abincin wata bakwai, su ne rasit mafi nauyi zuwa lokacin. Da ta cika wata shida aka ƙara mata allurar ƙarfafa rigakafi, na numfasa na ce yanzu kam sai abinci da yashi.

Tana da wata takwas, wani dare ta fara amai, ta ƙi ci, ta takure wuri guda. Na jira safiya, abin ya ƙaru. A asibiti likita ya ɗaga harshenta sai ga zaren ɗinki ya naɗe a gindinsa, sauran ya bi maƙogwaro ya shige. Kyanwa na son wasa da zare, kuma ƙayoyin harshenta baya suke kallo, in ya shiga baki ba ta iya tofarwa. In bakin zaren ya maƙale a sama, hanji ya yi ta ƙoƙarin tura sauran, sai ya tattare a jikin zaren kamar bakin wando a jikin mazagi, zaren kuma ya riƙa yanka shi. Shi ya sa ko an ga zare yana leƙowa ta baki ko ta baya ba a ja. Aka ɗauki hoton ciki, aka yi mata ƙarin ruwa, aka shiga da ita tiyata a ranar, bayan an nemi in ajiye rabin kuɗin tukuna. Ta kwana biyu a can. Wannan rasit ɗin shi kaɗai ya fi duk na baya in aka haɗa su. Ban shirya masa ba, sai da na taɓa ajiyar da na yi don wani abu dabam. A wasu wurare akwai inshorar dabbobi, amma ba ta biyan ciwon da dabba ke da shi kafin a shiga, saboda haka tun tana ƙarama ake yi. Inda babu, mutum ya riƙa ware wani abu duk wata.

Da shekara ta cika na jera rasit ɗin na tara. Abinci da yashi, waɗanda su kaɗai na lissafa ranar da na karɓi kwalin, ba su kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na kashe ba. Akwai kuma abin da babu rasit ɗinsa. Kwashe kashi kullum ne, ba fashi, kuma akwai dalilin lafiya: ƙwayar wata cuta da ke fita a kashin kyanwa, mai haɗari ga ɗan tayi, tana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyar kafin ta iya kama mutum, don haka mai ciki ta bar wa wani aikin, mai yi kuma ya yi kullum ya wanke hannu. Yashin ya kai zurfin santimita biyar zuwa bakwai, farantin a nesa da kwanon abinci, in kyanwa biyu ce faranti uku. Kyanwar da ta fara fitsari a waje ba iskanci take yi ba, ko farantin ya yi datti ko mafitsara ce ke ciwo; namiji kuwa in yana yunƙuri fitsari ba ya fita, wannan toshewa ce, tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Hannun kujerata guda ya tafi kafin na sa mata gungumen da aka naɗe da igiya ta riƙa karta. Cire farce gaba ɗaya da wasu ke tunanin yi, yanke gaɓar ƙarshe ta yatsa ne, ƙasashe da dama sun hana. Tafiyar kwana uku ma sai na nemi wanda zai riƙa zuwa safe da yamma, don babbar kyanwa in ta yi kwana biyu ko uku ba ci hantarta na iya taɓuwa. Mai zaman haya ya tambayi mai gida tun kafin, ya kuma tabbata ba mai asma ko atishawar gashi a gidan. Kuma wannan shekara ɗaya ce cikin goma sha biyar ko fiye da kyanwar gida ke iya yi, ƙarshensu kuma su ne na ciwon ƙoda da haƙori.

Ban ce kar a karɓi kyauta ba. A ganina karɓar irin waɗannan 'ya'yan ya fi barinsu a watsar, kuma tawa ga ta nan kwance kan takardun tana hana ni jera su. Amma wanda za a ba shi ya je gidan da kansa ya ga uwar: gashinta, idonta, cikinta. Ya nemi ranar haihuwa, in ba a sani ba ya tafi da sikeli, ƙasa da giram 900 ya ce a bar ta wurin uwa tukuna, sati takwas shi ne mafi ƙaranci, goma sha biyu ya fi. Ya tambayi maganin tsutsa da na ƙuma, da sunan maganin da ranar da aka ba da. Ya sayi kayan kafin ta shigo gida, ya nemi ranar ganin likita cikin kwana uku na farko, ya kuma ware ta daga sauran dabbobi da ƙananan yara na sati biyu. Tun ziyarar farko ya ce a rubuta masa jerin alluran da aikin hana haihuwa da kuɗin kowanne, don ya san watan da kowane zai faɗo. In an samu wadda wata cibiyar kula da dabbobi ta riga ta yi wa rigakafi da aiki, ko da za a biya wani abu wajen karɓa, sau da yawa ta fi ta kyauta sauƙi.

Watan jiya wanda ya ba ni ita ya sake kira, uwar ta kuma haihuwa, huɗu wannan karon, ko ina son ƙari. Na ce a'a, amma ya rubuta ranar da aka haife su a jikin kalanda, ya fara ba su maganin tsutsa in sun kai sati uku tare da uwar, kar ya ba kowa kafin sati takwas. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni nawa aka yi wa tawa aikin, kuma ko ana yi wa wadda ke shayarwa. Na ce sai ta yaye su nono ya ƙafe, kuma kafin nan ya hana ta fita, don tana iya ɗaukar wani cikin tun 'ya'yan suna tsotso.